Abin da Ban Gaya wa Surukina Ba

Duk Ƙauran Namoda an san ni da baki, kuma ba da alfahari nake faɗa ba. Shekara ashirin da wani abu ina aiki a ƙaramin asibitin unguwarmu. Ni ba likita ba ne, ma'aikacin lafiya ne irin wanda ake kawo wa komai, daga gyambo har hawan jini, amma mutane suka laƙaba mini Likita, na gyara na gyara har na gaji na bar su. Idan ka zo mini da ciwon da ka ɓoye wata uku, sai na wanke ka tas kafin in taɓa jikinka. Na taɓa sa wani dillalin shanu hawaye a kan maganin da ya ƙi sha. Mutum ɗaya ne wannan bakin nawa bai taɓa aiki a gabansa ba, shi ne mahaifin matata.

Baba nake ce masa. Tsohon direban babbar mota ne, ya yi rayuwarsa yana kwasar gero da dawa daga kasuwar Shinkafi da ƙauyukan Zurmi yana saukewa a Ƙaura. Dogo ne, mai saurin tafiya, ko da ya haura sittin da biyar kullum a ƙafa yake zuwa kasuwa, kuma idan ka bi shi sai ka yi haki. Tun yana matashi a kan hanya ya koyi shan taba don korar barci. Da ya dawo daga Makka sai ya ce ya bari. A idon jama'a ya bari ɗin. Amma bayan rumbun da ke ƙuryar gidansa akwai wani kututture, kuma kowa a gidan ya san abin da ke kai shi can bayan kowace sallah. Ya fito ya tauna kanumfari, ya shafa turare a gemu, ya zauna a zaure kamar ba shi ba.

Kowa ya sani, kuma ba wanda ya sani. Haka muke yi wa dattawa. Ni kuwa da nake suruki, nawa nauyin ya fi na kowa. Idan zan je gaishe shi, tun daga bakin layi nake fara gyaran murya. In iso ƙofa in yi sallama da ƙarfi, in tsaya ina fama da takalmina kamar wanda aka ɗaure masa su da igiya, duk don in ba shi lokacin da zai kashe abin da ke hannunsa ya wanke baki. Sannan in shiga in durƙusa daga nesa, idona a kan tabarma, mu gaisa, ya tambayi yara, in tambayi kasuwa, in tashi. Shekara goma sha tara ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa kallon tsakiyar idonsa ba. Kuma wallahi ina son mutumin nan, shi ma na san yana sona.

Akwai abu ɗaya da ke cin ran Baba, wanda matata ta gaya mini tun farkon aurenmu. Yana da yaya mace a Badarawa, uwa ɗaya uba ɗaya, Gwaggo muke ce mata. Lokacin da mahaifiyarsu ke ciwon ajali, Gwaggo ta aika masa sau uku ya zo, kowane aike ya ce bari ya sauke lodin da ke kan mota. Ranar da ya iso an riga an dawo daga maƙabarta. A gaban 'yan ta'aziyya ta ce masa ya koma wurin motarsa, ita ce uwarsa. Ya tashi ya fita, bai ƙara taka Badarawa ba. An yi shekara fiye da ashirin. 'Ya'ya na zuwa, jikoki na zuwa, shi da ita ko gaisuwar sallah babu. Da girma ya kama shi sai zuciyarsa ta sauko, ya fara cewa zai je ya durƙusa ya nemi gafararta. An ce ya kira ta a waya, ya ce gafarar yaya ba a nemanta ta waya, da ƙafa ake zuwa. Amma kullum akwai dalili, yau hanya ba lafiya, gobe kasuwa ta buɗe, jibi a bari a yi girbi. Yana ganin yana da lokaci, kuma duk wanda ya ga tafiyarsa zai ce yana da shi.

Wata shekara aka tura mu bita a Gusau. A cikin abin da aka koya mana har da batun ciwon dajin huhu. Wani likita ya yi mana bayanin wani hoto na musamman, ba hoton ƙirji da muka saba ba, wanda ake kwantar da mutum a tura shi cikin na'ura. An yi shi ne don mutanen da suka manyanta kuma suka daɗe suna shan taba da yawa, ko da ba su jin ciwon komai, saboda wannan cuta ba ta yin magana sai ta yi nisa. Abin da ya fi nanatawa shi ne kada mu tura kowa sai mun zaunar da shi. Ka tambaye shi kara nawa a rana, shekara nawa. Ka gaya masa amfanin, ka gaya masa wahalar, sannan ka yi shiru ka bar shi ya zaɓa. Na dawo da wannan magana a kaina kamar ni na ƙirƙiro ta.

Tashar mota na nufa, don a can mashaya taba suke, kuma yawancinsu sun san ni. Bayan la'asar in zauna a benci da tsofaffin direbobi ɗaya bayan ɗaya. Ba na rufa-rufa. In ce wa mutum: hoton nan zai iya kama ciwon tun yana ƙarami, lokacin da za a iya cire shi ka ci gaba da rayuwarka. Zai kuma iya nuna tabon da ba komai ba ne, a tayar maka da hankali, a yi ta kiranka birni, wataƙila har a soka maka allura a ƙirji a ɗebi tsoka, a ƙarshe a ce lafiyarka lau. Zai iya nuna abin da ya riga ya fi ƙarfin magani, ka dawo gida da sanin da ba ka tafi da shi ba. Ba sau ɗaya ake yi a huta ba, ana maimaitawa. Na'urar kuma ba ta Ƙaura, sai ka bi hanyar da kai ka fi ni sanin halinta. Kuma ko ka yi ko ba ka yi ba, barin tabar ya fi hoton amfani.

Wasu suka ce za su je. Wani mai tirela ɗan Kurya Madaro ya saurare ni har ƙarshe, ya ce shi ba ya son sani, abin da Allah ya rubuta ya same shi a kan sitiyari. Raina ya ɓaci, na so in zazzage masa, amma na haɗiye, na ce magana tasa ce, idan ya sake shawara ya san inda nake. Na koma gida ina jin kaina, wai ni ga wanda ya iya aiki.

To, a duk waɗanda na zaunar babu wanda ya kai Baba cancantar wannan hoto. Na san haka tun ina zaune a ɗakin bitar. Amma ta ina zan fara? Tambayar farko ita ce kara nawa kake sha a rana. In durƙusa gaban mahaifin matata, Alhaji, mai gemu, in tambaye shi tabar da shekara goma sha tara nake fama da takalmi don kada in gani? Sau biyu na je da niyya. Na farko na kai har "Baba, dama akwai wata magana", ya ce "Ina jinka, Likita", sai na ji kaina ina tambayar farashin dawa. Na biyu ko hakan ban kai ba.

Sai na yi dabara, kuma a lokacin har daɗi na ji da na samo ta. Na ce wa matata ta gaya wa mahaifiyarta, ita kuma ta gaya masa, cewa akwai wani gwajin lafiya da ake yi wa dattawa a Sakkwato, na hawan jini da ƙarfin jiki, kuma na samo masa wuri. Ba taba a ciki, ba huhu, ba daji. Baba ya yi dariya ya ce shi da ke zuwa kasuwa a ƙafa mi za a gwada, amma tunda surukinsa ya yi ɗawainiya ba zai watsa masa ƙasa a ido ba. Da bazara muka tafi, ni a gaban mota, shi a baya, don ko kujera ɗaya ba ma haɗawa. Takardar da ake cikawa ni na cika, wurin da aka tambayi shekarun shan taba na rubuta abin da na ƙiyasta, na rufe da hannu kamar zai iya karantawa.

Bayan kwana biyu likitar ta kira mu. Mace ce mai natsuwa, ta juyo da allon ta nuna mini. Ko ni da ba gwani ba na gani. Ba ƙaramin tabo ba ne, kuma ba wuri ɗaya ba. Ta yi mini bayani da Turanci a gajarce, cewa sai an ɗebi tsoka an tabbatar, amma abin da take gani ya wuce na tiyata. Sannan ta juya wajen Baba ta fara da Hausa, "Baba, hoton nan ya nuna..." Na tare ta. Na ce mata da Turanci surukina ne, a bar ni in gaya masa a gida cikin iyalinsa, haka al'adarmu take. Ta dube ni, ta ce to, amma lallai a gaya masa, domin akwai zaɓi a gaba kuma nasa ne. Akwai maganin da ake sawa ta jijiya, yana iya ƙara masa lokaci, yana iya kuma kwantar da shi ya cinye ƙarfin da yake da shi yanzu. Wasu sukan karɓa, wasu sukan ce a ba su na rage zafi kawai su koma gida su yi abin da ke gabansu. Na ce mata na sani, aikina ke nan.

A bakin ƙofa Baba ya tambaye ni, "Mi tac ce?"

Na ce, "Sanyi ne ya kwanta a ƙirji, Baba. Za a yi magani."

Ya ce, "Sanyi da wanga zahi?" Ya yi dariya, ni ma na yi.

Ba zan ɗora wa kowa ba, amma a gida na sami masu taya ni. Na tara matata da babban wanta na gaya musu gaskiya. Matata ta yi kuka har ta gode Allah. Wan nata ya ce kada a kuskura a gaya wa tsoho, jin sunan ciwon kaɗai zai kashe shi, a yi masa magani a bar wa Allah sauran. Da wani ne ya faɗi haka a asibitina a kan mahaifinsa, da sai ya raina kansa. Da na tambaye shi ko jikin nasa ne, ko shi zai kwanta a kan gadon. Ranar kuwa kai na gyaɗa, har da cewa shawara ce mai kyau. Daɗi na ji an sauke mini kaya, ba wani abu ba.

Aka ɗebi tsoka, aka tabbatar, aka sa ranar fara magani. Ana saura mako guda na je gaishe shi, na tarar yana cikin walwala. Ya ce ya yanke shawara, ranar kasuwar Shinkafi mai zuwa zai bi ayarin motocin hatsi, daga can ya wuce Badarawa. Hanya ta ɗan lafa a 'yan makonnin nan, direbobi na wucewa lafiya, kuma yana so ya je kafin ruwa ya sauka. Har ya sayi turmin atamfa da goro. Ya ce, "In kwana biyu ko ukku wurin Yaya, in ta kore ni in dawo, in ta yahe mani in ƙara kwana."

Ranar da ya ambata ita ce ranar da za a fara sa masa magani a Sakkwato.

Nan ne wurin. Duk lokacin da na tuna wannan al'amari nan nake tsayawa. Ba hoton ne ya fi damuna ba, ba ƙaryar sanyi ba. A wannan zaure, da hantsi, mutumin nan yana da ƙafarsa, yana da muryarsa, hanya a buɗe, kuma ni kaɗai a wurin na san cewa lokacinsa ƙididdigagge ne. Abin da ya kamata in ce bai fi jimla huɗu ba. Baba, ciwon daji ne. Ba ya warkewa. Maganin zai iya ƙara kwanaki, zai iya kuma kayar da kai. Ka zaɓa, Badarawa ko Sakkwato, ko Badarawa sannan Sakkwato. Ko mako ɗaya aka ɗaga ranar ba abin da zai rushe, kuma na san haka.

Abin da na ce shi ne, "Baba, da an bari an gama magani tukuna. In an ji sauƙi sai a je da ƙarfi, ni da kaina zan raka ka."

Ya ce, "To, kai ka san aikinka." Ya sa aka mayar da atamfar cikin akwati, goron kuma aka rabar.

Maganin bai karɓe shi ba. Zuwa na biyu ya daina cin tuwo, zuwa na uku sai an riƙe shi yake shiga mota. Mutumin da ake haki a bayansa ya koma yana hutawa tsakanin ɗakinsa da zaure. Ruwa ya sauka, dawa ta yi tsawo, kuma duk wanda ke wannan yanki ya san abin da tsawon dawa ke nufi a kan hanya. 'Yan bindiga suka sami maɓoya, suka fara tare motoci tsakanin Ƙaura da Shinkafi, wani makon ma kasuwa ba ta ci. Ko da hanya lafiya lau take, Baba ba zai iya zaman mota a kan waɗannan ramuka ba. Sannan muryarsa ta fara dushewa, har ta koma raɗa. Duk wannan lokaci yana tambayata yaushe sanyin zai sake shi, ina cewa a hankali, Baba.

Wanda ya fasa ƙwan bai san ya fasa ba. Mai tirelar nan ne ɗan Kurya Madaro, ya zo duba Baba don tsohon maigidansa ne a harkar mota. Suna hira Baba ya ba shi labarin na'urar da aka tura shi ciki a kwance. Mutumin ya ce ai ya san ta, ita ce ta masu shan taba, surukinka ya zaunar da ni a tasha ya yi mini bayaninta kaf, na ce ba na so. Ya faɗi haka ya sha ruwa ya yi addu'a ya tafi.

Washegari bayan azahar aka ce Baba na kirana. Na yi gyaran muryata daga bakin layi yadda na saba, ko da yake an daɗe ba abin da zai ɓoye. Yana kishingiɗe a zaure, ya sa kowa ya fita. Na durƙusa a inda nake durƙusawa. Ya yi mini alama da hannu in matso, don muryar ba ta kaiwa. Na matsa har gwiwata na taɓa tabarmarsa, kusancin da ban taɓa yi da shi ba.

Ya ce, "Taba ce ko?"

Na mayar da idona kan tabarma.

Ya ce, "Shekara arba'in da bakwai. Kwali guda a yini, wani lokaci ya hi. Ga amsar da ba ka tambaya ba." Ya huta, ya ja numfashi. "Ciwon daji na?"

Na ce, "Shi ne, Baba."

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun bazara. Tun ranar da likita ta kira mu."

Ya rufe ido. Na ɗauka faɗa zai yi, kuma na so ya yi, da ya zage ni da na sami sauƙi. Da ya buɗe ido sai ya ce, "Direbobin tasha ka zaunar da su, ka hwaɗa masu komi, ka ce su zaɓa. Ni da na ba ka ɗiyata, ni ne ban kai a hwaɗa mani ba?"

Na ce, "Kunya ce, Baba. Nauyinka nake ji."

Ya ce, "Na sani. Ni ma kunyarka ta sa nike zuwa bayan rumbu." Ya yi ɗan murmushi, sai tari ya sarƙe shi, na ba shi ruwa. Da ya lafa ya ce, "Ba mutuwa ta dame ni ba, Likita. Kowa da ranarshi. Amma da ka hwaɗa mani ran da na ce zan tahi, da na tahi. Da ba ni shan maganin ga ko cokali guda sai na ga Yaya."

Na yi kuka a gabansa, ni da mutane ke tsoron bakina. Na roƙe shi gafara. Ya ce ya yafe, kuma na san har zuciyarsa ya faɗa. Ya ce a daina kai shi Sakkwato, a ba shi na rage zafi kawai. Wannan ita ce shawara ɗaya tak da ya yanke da kansa a duk ciwon nan, kuma sai da komai ya ƙare muka ba shi dama.

Mun yi ƙoƙari a ɗauko Gwaggo. Ita ma ta tsufa ƙwarai, ƙafa ta ƙi, 'ya'yanta suka ce ba za su sa ta a wannan hanya ba, kuma ban ga laifinsu ba. Sai Baba ya sauka daga maganarsa ya ce a kira waya. Kwana uku muna nema kafin layin ya shiga. Jikarta ta kara mata wayar a kunne, ni na riƙe tamu a bakinsa. Kunnen Gwaggo ya yi nauyi, muryar Baba kuma raɗa ce. Yana cewa, "Yaya, ni na, ki yahe mani." Muna jin ta daga can tana cewa, "Wa ke magana? Ba ni jin komi. Ku ce ya ɗaga murya." Ya sake, ya sake, jijiyoyin wuyansa suka tashi. Na karɓa na faɗa mata da ƙarfi, jikar ma ta maimaita mata, ta ce a ba shi ita, tana son ta ji daga bakinsa. Sai layin ya yanke. Da aka sake samu bayan kwana biyu, ko raɗar ba ta fita.

Ya rasu ana fara yankan gero, ranar wata Talata da safe.

Bayan an yi sadakar arba'in hanya ta ɗan yi sauƙi, na bi motocin kasuwa zuwa Shinkafi, daga can na hau babur zuwa Badarawa. Ba wanda ya aike ni. Matata ma ba ta so ba. Tafiyar da na hana shi, ni na yi ta cikin rabin yini, ba abin da ya same ni ko ƙwarzane. Duk hanya haushin kaina nake ji, ina kallon gonaki ana ɗaure dammuna.

Na sami Gwaggo a tsakar gida a kan tabarma, 'yar tsohuwa ƙarama, amma dogon hancin nan da goshin nan na Baba ne sak. Na durƙusa na yi ta'aziyya, sai na ɗaga murya kafin ta ji. Aka gaya mata ni ne mijin ɗiyar ƙanenta, ma'aikacin asibiti. Na isar da saƙon, na ce ya nemi gafararta, ya so zuwa da ƙafarsa, har ya sayi tsaraba.

Ta ce, "Na yahe mashi tun ba yau ba. Tun shekarar da abin ya hwaru na yi nadamar maganar da na yi. Jira nike ya zo in hwaɗa mashi, ni ma in roƙe shi. Ni ce babba, na ga bai kamata in aika ba." Ta goge ido da bakin zane. "Mi ya hana shi zuwa, tunda ya yi niyya?"

Zan iya cewa ciwo. Zan iya cewa hanya, kuma ba wanda zai ƙaryata ni. Na ce, "Ni na hana shi, Gwaggo. Na san ciwon ba na tashi ba ne, ban gaya masa ba. Na ce ya bari sai ya warke."

Sai da aka maimaita mata. Ta daɗe tana kallona. Ta ce, "Lokacin shina tahiya da ƙahwarshi?"

Na ce, "Yana zuwa kasuwa a ƙafa."

Ba ta zage ni ba, ba ta kuma ce ta yafe mini ba, kuma ban roƙa ba. Ta sa aka kawo mini fura, na riƙe kwanon na kasa sha. Awaki na ta kai da kawo a tsakar gidan. Can ta matso da kunnenta mai ɗan ji wajena.

Ta ce, "Ɗan nan, rabona da shi gemunshi baƙi ƙirin. Hwaɗa mani, ya yi hurhura?"

Na ce ya yi, Gwaggo, fari fat.

Ta ce, "Duka?"

Na ce duka.

Ta gyaɗa kai. Ta ce in ci gaba, in gaya mata yadda ya koma da ya tsufa, kada in bar komai. Na gyara zama na fara daga tafiyarsa.